Dalilin Da Ya Sa Duniya Ta Zama Kamar Ƙwallo

Wani malamin kimiyya ne ya yi wannan jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, waɗanda suka taru a Jega. Wasu sun zo daga Aliero, wasu daga Maiyama. Ga abin da ya faɗa.

Bayan sallama, malamin ya fara da tambaya. Ya ce, a watan azumi wa ke riga shan ruwa, mutumin Maiduguri ko mutumin Jega? Wani direban babbar mota ya ce ai na Maiduguri ne, ya sha gani da idonsa. Malamin ya ce gaskiya ne. Rana takan faɗi a Maiduguri kimanin minti 35 kafin ta faɗi a Jega. A Kano kimanin minti 16 ne, a Kaduna kimanin minti 12. Saboda haka duk wanda ke Jega, ya ji kiran sallar magariba a rediyon Kaduna, ya kai dabino baki, to ya yi gaggawa. Ranar garinsu ba ta faɗi ba tukuna. Shi ya sa malaman addini ke cewa kowa ya bi faɗuwar ranar inda yake. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin azumin yini guda ne a ciki.

Ya ce a nan ƙasarmu, duk tafiyar kilomita 27 zuwa yamma tana jinkirta faɗuwar rana da kimanin minti ɗaya. Jega da Aliero da Maiyama suna kusa da juna, bambancinsu bai kai minti ɗaya ba, don haka tare suke shan ruwa. Amma alhazai sun san cewa Makka ta riga mu ganin magariba da fiye da awa biyu.

Me ya kawo haka? Malamin ya ɗaga faifai da hannu ɗaya, ya ɗaga lemo da ɗayan. Ya ce da duniya a shimfiɗe take kamar faifai, da rana ta faɗi wa kowa lokaci guda. Amma duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, kuma tana juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya a yini da kwana. Ɓangaren da ya fuskanci rana shi ke da haske, ɗayan yana cikin dare.

Daga nan ya shiga ainihin maganar, wato abin da ya sa ta dunƙule. Ya ce Allah ya halicci kowane abu mai nauyi da ƙarfin jawo wani abu zuwa gare shi. Idan abu ƙarami ne, ƙarfin ba ya fitowa fili. Idan ya kai girman duniya, ƙarfin yakan yi yawa ƙwarai. Shi ne ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, shi ne ke jan guga zuwa cikin rijiya, shi ne ke sa ruwan gulbin Zamfara ya gangara ta Jega ya nufi Kwara. Wani Bature ɗan Ingila, Isaac Newton, ya yi bayanin wannan ƙarfi a littafinsa na shekarar 1687.

Masana sun ce duniya ta haɗu ne kimanin shekara miliyan 4,500 da suka wuce, daga ƙura da duwatsu da suka yi ta karo suna mannewa. A lokacin tana da zafi ƙwarai, har dutse ya narke. Ƙarfin nan ya riƙa jan kowane ɓangare zuwa tsakiya, ta gabas da yamma, ta kudu da arewa, ta kowace fuska daidai wa daida. Inda ya yi tudu sai ya rufta, inda ya yi kwari sai ya cike. Malamin ya juya wajen mata ya ce, ku ne kuka fi kowa sanin wannan. Idan mai fura ta matsa ta ta ko'ina a tafin hannu, ba ta fitowa da kusurwa, mulmulalliya take fitowa. Bambancin kawai shi ne hannun mai fura daga waje yake matsawa, ƙarfin duniya kuwa daga ciki yake ja.

Ya ƙara da cewa rana da wata ma haka suke, don suna da girma. Amma akwai ƙananan duwatsu masu yawo a sararin sama waɗanda ƙarfinsu bai isa ya dunƙule su ba. An ɗauko hotunansu, wasu kamar dankali suke, wasu kamar gyaɗa.

Wani dattijo daga Maiyama ya ce, "Allah gafarta malam, ni kullum ina gona, ƙasa a shimfiɗe nake ganinta." Malamin ya ce, "Baba, idonka bai yi ƙarya ba, girman ne ya yi yawa." Kewayen duniya ya kai kimanin kilomita 40,000. Mutumin da ke tsaye a fili kuwa ba ya hango ƙasar da ta wuce kimanin kilomita 5. Tururuwar da ke tafiya a bayan babbar ƙwarya ita ma a fili take jin kanta. Dattijon ya sake cewa, to mutanen da ke ɗaya gefen me ya hana su zubowa? Malamin ya ce ƙarfin nan ne dai. Duk inda mutum yake, ana jan ƙafarsa zuwa tsakiyar duniya, can ne ƙasa a wurinsa.

Sai dai duniya ba ta mulmulu sarai ba. Juyawar da take yi ta sa cikinta ya ɗan kumbura, samanta da ƙasanta suka ɗan lotsa. Mutanen Aliero suka yi dariya da ya ce kamar albasarsu, ko da yake albasa ta fi ta lotsewa nesa ba kusa ba. Faɗinta ta ciki kilomita 12,756 ne, daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu kuma kilomita 12,714. Duwatsu ma ba su ɓata siffarta ba. Da za a mayar da duniya girman ƙwallon ƙafa, dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo, ba zai kai ƙwayar gero ba.

Wasu na zaton wannan sabon zancen boko ne. Ba haka ba ne. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani masani a Masar, Eratosthenes, ya auna kewayen duniya ta hanyar gwada inuwar rana a Aswan da Iskandariyya. Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana suka sake aunawa wajen shekarar 830. Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya rubuta cewa duniya ƙwallo ce. A 1972 'yan sama jannati na kumbon Apollo 17 suka ɗauko hotonta gaba ɗaya.

Amma malamin ya ce ba sai an hau kumbo ba. Ranar da wata ya yi zazzaɓi, wato husufi, kamar na daren 27 ga Yuli 2018, inuwar duniya ce ke rufe shi. A dubi bakin inuwar, kullum a lanƙwashe yake. Ƙwallo ne kaɗai ke yin inuwa kewayayya ta duk yadda aka juya shi.

Daga ƙarshe ya ba ɗalibai aiki. Wajen 22 ga Afrilu, da misalin ƙarfe 12:40 na rana, kowa ya kafa sanda a miƙe a tsakar gida. A Jega da Aliero da Maiyama inuwar za ta kusan ɓacewa, don rana na tsaye a bisa kai. Wanda ke da ɗan'uwa a Ikko ya buga masa waya ya gwada. Tasa sandar za ta yi inuwa, kuma kudu za ta nuna.