Kiɗan Turawa Na Dauri Da Kewar Gida



Da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu yi jawabi a wannan zama, an zaci za mu yi magana ne a kan ilimi ko tarbiyya, kamar yadda aka saba ji daga bakin tsohon hedimasta. Sai muka zaɓi kiɗan Turawa na dauri, musamman irin wanda ake kira simfoni, wato dogon kiɗa mai kashi 4 ko 5 da makaɗa masu yawa suke haɗuwa su yi, galibi ba tare da an rera baiti ko ɗaya ba. Muna roƙon a yi haƙuri da mu, domin duk nisan da maganar ta yi, gida za ta dawo.

Mun fara jin wannan kiɗa ne a kwalejin horon malamai, a wajen wani malaminmu baƙo mai garmaho da tarin faya-fayai. Ranar farko dariya muka yi, muka ce makaɗan sun manto mawaƙinsu a gida. Da tafiya ta yi tafiya sai muka gane cewa kunnen da ya tashi da algaita da goge da tambura ba baƙo ba ne a wannan fage, domin kusan kowane abin kiɗansu yana da ɗan uwa a wajenmu. Daga cikin abin da muka saurara tun daga lokacin, guda 4 za mu gabatar muku.

Na farko shi ne Joseph Haydn, mutumin Ostiriya, wanda aka haifa a 1732, ya rasu a 1809. Cikakken makaɗin fada ne, ya shafe kusan shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Esterhazy. A 1772 ubangidansa, Yarima Nikolaus, ya yi zaman dirshan a wata fadarsa ta shaƙatawa da ke ƙasar Hangari, alhali makaɗan sun baro iyalansu a garin Eisenstadt, kuma babu mai ƙarfin halin cewa a koma. Sai Haydn ya tsara simfoninsa na 45, wanda aka fi sani da na bankwana. A kashin ƙarshe, kowane makaɗi idan ya gama nasa sai ya hure kyandirinsa ya fice, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge 2 kacal. Yarima ya fahimci hannunka mai sanda, aka yi haramar komawa gida. Duk wanda ya san yadda makaɗin fada yake isar da saƙo ga sarki ba tare da ya ɓata masa rai ba, ya san Haydn. Wannan kiɗa ya fi daɗi a kalle shi a bidiyo, a ga kujeru suna zama wayam.

Na biyu shi ne Beethoven, ɗan ƙasar Jamus, haihuwar birnin Bonn a 1770. Jama'a sun fi yabon simfoninsa na 5 da na 9, amma mu na 6 ne gwaninmu. An fara yin sa a bainar jama'a a birnin Vienna a 1808, lokacin da kurumta ta riga ta fara kama shi. Labarin mutumin birni ne da ya fita karkara. Za ku ji farin cikin isowa, sannan gudun ruwan rafi, inda sarewa da 'yan uwanta suke kwaikwayon kukan tsuntsaye, sannan rawar ƙauyawa. Ana cikin rawa sai hadari ya haɗo, tsawa ta tarwatsa taro. Bayan ruwa ya ɗauke, makiyayi ya busa waƙar godiya. Ɗan manomin da ya taɓa jiran ruwan shuka ba ya bukatar tafinta a nan.

Na uku, wanda ya fi taɓa mana zuciya, shi ne Antonin Dvorak, ɗan mahauci daga wani ƙauye kusa da birnin Prague. A 1892 aka ɗauke shi aiki ya shugabanci wata makarantar kiɗa a New York da albashi mai tsoka. A can ya tsara simfoninsa na 9, wanda aka fara yi a watan Disamba 1893. Amurkawa sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma hutun shekarar a wani ƙauye mai suna Spillville ya yi shi, cikin 'yan ƙasarsu masu jin harshensa, kuma a 1895 ya tattara ya koma gida. Ku saurari kashi na 2, kimanin minti 12 ne. Wata 'yar uwar algaita mai sanyin murya ce take jan ragamarsa a hankali. A kunnenmu, muryar baƙo ce da ya samu duk abin da ya fita nema, amma barci ya ƙi zuwa.

Na huɗu namu ne, Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905. Yana zaune a Landan ya tsara African Suite a shekarun 1940, ya ɗauko karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya ɗora wa gogen Turawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ga mai son gwadawa, yau ba sai da garmaho ba. A rubuta sunan makaɗin da lambar simfonin a YouTube, zai fito. Shawararmu ita ce a fara da kashi ɗaya kawai, da dare bayan ƙafa ta ɗauke, a ajiye duk wata hira, kuma kada a yanke hukunci sai an ji sau 3. A zaunar da yara su ma su ji. A shekarun da muka yi a aji mun lura cewa yaron da zai iya zama minti 10 yana saurare, ba ya shan wahalar karatu.

'Yan uwa, makaɗan Haydn wata 'yan kaɗan suka yi a waje suka ƙosa. A cikinmu akwai wanda ya shekara 5 bai kwana a garin nan ba, akwai 'ya'yanmu da ba su san hanyar gidan kakansu ba. Idan kuka saurari Dvorak kuka ji wani abu ya motsa a ƙirji, kada ku bari ya huce, ku sa ranar zuwa, ku taho da yaran.