Likitar Da Ta Tare Ƙofa

Ranar 19 ga Agusta, 2014, Dokta Stella Adadevoh ta rasu a Legas, sanadiyyar cutar Ebola.

Wata guda kafin nan aka kawo Patrick Sawyer, ɗan Laberiya, asibitin da take aiki. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Ita hankalinta bai kwanta ba. Ya matsa lallai a sallame shi, akwai taron da ke jiransa a Kalaba. Ta ƙi. Ashe Ebola ce a jikinsa. Da ta sake shi cikin cunkoson Legas, sai dai Allah ya kiyaye.

Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya, rabinsu ma'aikatan asibitin nan. Ranar 20 ga Oktoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da cutar.