Baƙon Da Ba A Gayyata Ba

Yau za mu yi magana a kan wani kwaɗo, da abin da labarinsa zai koya mana mu masu noma.

Mun san kwaɗin da ke kuka a bakin Kubanni da damina. Su namu ne, suna cin ƙwari, ba sa yi mana ɓarna. To, akwai wani irin kwaɗo mai hawa itace. Asalinsa daga tsibirin Kyuba ne. Tsakanin 1920 da 1930 ya ɓuya cikin kayan jiragen ruwa, ya sauka a Fulorida, wata jiha ta ƙasar Amurka.

Wannan kwaɗo ya fi na can girma, tsawonsa ya kan kai inci 5. Ya kan haɗiye ƙananan kwaɗi da ƙadangaru. Macen ta kan zuba ƙwai da yawa a duk inda ruwa ya kwanta. Jikinsa yana da yauƙi mai sa ido raɗaɗi. Har akwatin lantarki ya kan shiga, wuta ta ɗauke. Inda ya yi yawa, sai kwaɗin wurin su ragu.

Yaya ya ke tafiya daga gari zuwa gari? Mutane ne ke ɗaukarsa ba su sani ba, cikin dashen itatuwa da kayan mota.

Wannan kwaɗo dai yana can nesa, amma mu ma mun ga baƙo irinsa. Ku tuna da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A 2006 ta shiga Sifen, daga nan ta ƙetaro Afirka. Tana cin cikin ganye, ta huda 'ya'yan, gona ta bushe kamar an sa mata wuta. A 2016 ɓarnarta ta kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita ma cikin dashe da kwanduna ta ke bin mutane.

Saboda haka ga abin da za mu riƙa yi. In mun sayo dashe daga wani gari, mu duba ganyensa ciki da baya kafin mu dasa. Mu tsabtace kwandunan da suka dawo daga kasuwa. In mun gama tsinkar tumatir, mu tuge tsofaffin, mu ƙone. In kuwa mun ga ƙwaron da ba mu saba gani ba, mu kai wa malamin gona tun da wuri. A Samaru, nan kusa da mu, akwai masana masu binciken irin waɗannan abubuwa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana amfanin gonarmu, amin.