Kambamawa Ba Ƙarya Ba Ce

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Muna aji uku na rubuta a insha'i cewa albasar Aliero guda ɗaya sai jaki ke iya ɗaukarta. Aji ya kwashe da dariya, aka laƙaba mini maƙaryaci. Malaminmu na Hausa, Allah ya jiƙansa, ya ce a'a, wannan kambamawa ce, adon harshe. Maƙaryaci so yake a gaskata shi. Mai kambamawa kuwa ya san mai sauraro ya gane nufinsa.

Sai ya tura mu mu saurari mutane. A kasuwar Jega muka ji dillali yana kiran sa giwa: siffantawa ke nan. Manomin Maiyama ya ce ƙasa ta sha ta ƙoshi: mutuntawa ke nan. Abin da mawaƙa da marubuta ke yi, a bakin iyayenmu suka tsince shi.

Yau 'ya'yanmu haddace sunayen nan suke don jarrabawa kawai. Ina roƙonmu mu buɗe musu kunne, mu kuma nuna musu iyaka: ƙarin gishiri a waƙa ado ne, a wurin ba da shaida kuwa zunubi.

Allah ya sa mu dace.