Jawabi: ɗan alhaji da littafin lissafi



A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Ƴan kasuwa da dama sun sayar da tsohuwar hajarsu da ɗan ƙari, suna murnar riba. Sai da suka koma sarin kayan Turai ta Kwatano suka tarar kuɗin ba su sayen abin da suka saya jiya. Ashe uwar kuɗi aka ci.

Raba uwar kuɗi da riba shi ne farkon karatun ɗalibin sashen G2, irin wanda ake yi a lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Ana koya masa rubuta shiga da fita, bashi da ranar biyansa, ƙidayar kayan sito, da rabon lampo da duwan. Tun 1998 kuma ƙasashen sefa na yammacin Afirka ke bin tsarin lissafi ɗaya: takardar da aka tsara a Damagaram, banki na karanta ta a Lome.

Duk da haka ma'aikaci na ganin sashen nan na yaron da ya kasa ne. Alhaji kuwa cewa yake lissafinsa na cikin kansa. Kai na riƙe lissafi, gaskiya ne, har ranar rabon gado. Ran nan masu bin bashi kan zo da sassafe, waɗanda ake bi su yi shiru, magada kuma ba su da takardar da za su kai gaban alƙali.