An kore ka daga aiki, ba a kore ka daga fansho ba

Yau kan kora daga aiki zan yi magana, don na ga da yawanmu in aka ce "tattara kayanka", sai mu tattara mu ce Allah ya isa, shi ke nan.

To ku saurara. In kana aiki a kamfani, ko makarantar kuɗi, ko ONG, duk wata ana yanke kashi 5,25 cikin 100 na albashinka a zuba a CNSS, mai gidanka kuma ya ƙara 6,25 don fanshonka. Wannan zubi da sunanka yake. Ko da babban laifi aka kore ka, abin da za ka rasa kuɗin sallama ne, amma watannin da ka zuba suna nan. In ka samu wani aikin, da lambarka ta da za a ci gaba. Wata 180 ake nema, wato shekara 15, da shekara 60 na haihuwa. Wanda bai cika watannin ba, ana iya ba shi kuɗi a dunƙule sau ɗaya.

Na san wani zai ce: ni da nake shekara 27, ina ruwana da 60? Ku tambayi mutanen Arlit. Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe bayan fiye da shekara 40 tana haƙar uranium, ɗaruruwan ma'aikata suka wayi gari babu aiki. Rannan kowa takardunsa ya shiga nema.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba korar ba ce. Akwai masu gidan da ke yanke kuɗin a takardar albashi amma ba sa kai wa. Wasu ma ko rajista ba su yi maka ba. Wannan wallahi sata ce, kuma sai ka tsufa za ka gano, lokacin kamfanin ya daɗe da mutuwa.

Saboda haka tun kana cikin aikin, je ofishin CNSS na Zinder da lambarka, ka ce a nuna maka watannin da aka zuba. Adana kowace takardar albashi, ka ɗauki hotonta a waya. Ranar da aka sallame ka, kar ka fita ba tare da takardar shaidar aiki ba, dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta a ba ka ita. Kar ka sa hannu kan abin da ba ka karanta ba. In sun hana, ofishin sufeton ƙwadago ne matakin farko, in sulhu ya gagara sai kotu.