Shekara Ɗari: Abin da Aka Tsare da Abin da Aka Sake
(Jawabin da aka gabatar a ƙofar fada ranar bikin cika shekara ɗari na sarauta)

 

 

An umurce ni da in faɗi wani abu game da shekara ɗari. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka zan waiwaya in ɗauko labari huɗu daga ƙasarmu, dukansu sun faru cikin tsawon rayuwar wannan sarauta, domin mu ga abin da ke sa wani abu ya ɗore, wani kuma ya ɓace.

Na farko labarin itacen Tenere ne. Itacen ƙaya ne guda ɗaya tak a tsakiyar hamada, babu wani kusa da shi sai an yi tafiyar kwanaki. Sa'ad da aka gina rijiya a gefensa a ƙarshen shekarun 1930, an iske saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayarin raƙuman gishiri da ke zuwa Bilma sun daɗe suna yada zango a gindinsa, amma ba wanda ya taɓa sarar reshensa don dafa shayi, ba a kuma barin raƙumi ya ci ganyensa. A shekarar 1973 direban wata babbar mota ya banke shi. Abin da iska da fari suka kasa, gangancin mutum ɗaya ya aikata shi cikin ƙiftawar ido. Aka kwashi gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a gurbinsa.

Na biyu labarin raƙuman dawa na Kure ne, gabas da Yamai. A da irinsu sun bazu daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka ƙarar da su, har a 1996 aka ƙidaya 49 kacal, kuma su ne suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Hukuma ta hana kashe su, manoman yankin kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi musu a gonakin wake. Da tafiya ta yi tafiya yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai su dajin Gadabeji na jahar Maraɗi, inda aka yi shekaru da dama ba a ga ko ɗaya ba.

Na uku birnin Maraɗi ne. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, jama'a suka hau tudu suka sāke gini. Gidaje sun rushe, amma sarauta da kasuwa da zumunci suka hau tudun tare da mutane. Wanda ya ga Maraɗi yanzu zai gane cewa gari ba katanga ba ne.

Na huɗu kokowa ce. Wasa ne da samarin ƙauye ke yi bayan girbi, da farin wata, makaɗa na zuga su. Kakanninmu ba su rena ta ba, suka riƙe ta da ƙa'idojinta. A 1975 aka buɗe gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga nan takobi ya riƙa zagaya jahohi, wasan dandalin ƙauye ya zama abin da ke tara ƙasa duka a bakin rediyo.

Ranka ya daɗe, darasin ɗaya ne: babu abin da ke kai shekara ɗari da ƙarfin kansa, sai an sami masu tsaronsa. Wannan sarauta ta ga zamanin Nasara, ta ga samun mulkin kai a 1960, ta ga yunwar 1973 da ta 1984. Ba takobi ya tsare ta ba, amanar talakawa ce, domin sun san idan rigimar gona ko ta gado ta taso akwai inda za a saurare su.

Don haka ina da roƙo uku. Na ɗaya, dattawan da suka haddace jerin sarakunanmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A tura malamai da ƴan lakol su zauna da su, a rubuta da boko da ajami kafin a makara. Na biyu, a tsare burtali da mashayar dabbobi, kada gona ta cinye su, don daga nan ne fitinar manomi da makiyayi ke farawa. Na uku, a tsare gawo. Itace ne mai abin mamaki: yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da bisashe. Tarihin baka ya nuna Sarki Tanimun na Damagaram ya kafa doka mai tsanani a kan sararsa. Abin da sarki ya tsare, talaka ba ya wasa da shi.

Ku matasa, da yawanmu ba za mu ga wani biki irin wannan ba. Jikokinku ne za su taru a nan su yi hukunci, ko mun zama ayarin da ya kiyaye itace, ko direban da ya banke shi.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.